Daga Kano zuwa Tenere: Doguwar Tafiyar Mota da Halin da Gandayen Namun Dajin Hamada Suke Ciki a Jamhuriyar Nijar

Tsakure

Wannan maƙala ta bi doguwar hanyar mota da ta tashi daga Kano, ta ratsa Maraɗi da Damagaram, har ta dangana da Agadas da tsaunukan Azbin, domin bayyana gandaye uku na namun dajin hamada da ake kaiwa ta wannan tafarki. Gandayen su ne na Gadabeji, da na Termit da Tin Tumma, da kuma na Azbin da Tenere. An yi bayanin yadda ƙasa da tsirrai suke sauyawa daga zango zuwa zango, da yadda dabbobin suke rayuwa inda ruwa ya yi ƙaranci, da dalilan da suka sa suka ragu. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, nisa da ƙishirwa su ne ganuwar da ta kare waɗannan dabbobi shekaru aru-aru, kuma mota ce ta karya ganuwar, gandun daji kuwa yunƙuri ne na maye gurbinta da doka. Daga ƙarshe an nuna abin da wannan hali yake nufi ga nazarin harshe da al'adun Hausawa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin hamada. Fatake da madugai sun yi ƙarnoni suna safara tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus, ayarin gishiri kuma yana saukowa daga Bilma da Fashi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa har yau. Sunan da Hausawa suka ba tsaunukan arewa, wato Azbin, ya shiga harshe ta hanyar kalmomi irin su Azbinawa da dokin Azbin, kuma tarihin baka na Gobirawa yana danganta asalinsu da wannan yanki. Hausa ce kuma harshen kasuwa da cuɗanya a birnin Agadas. Saboda haka batun namun dajin wannan sashe na Sahara batu ne na cikin gida ga mai nazarin Hausa.

Duk da wannan kusanci, rubuce-rubucen Hausa sun fi mayar da hankali kan mutanen hanya da hajojinsu, ba su cika waiwayar dabbobin da ayari ke tararwa a daji ba. Ana ambaton mariri da barewa da jimina a karin magana da labaran mafarauta, amma da wuya a tambayi inda suke a yau. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, don haka maƙalar ta ɗauki tsarin tafiya, zango bayan zango, tana bayyana abin da matafiyi zai tarar da kuma dalilin da ya sa ya tarar da shi haka.

2.0 Tsarin Hanya da Shirin Tafiya

Tafiyar da ake magana a kanta ta haura kilomita 2,000 idan aka haɗa shiga da fita daga kowane gandu. Tana farawa daga Kano zuwa Katsina, ta ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta yi arewa zuwa Dakwaro, inda ake ratsewa zuwa Gadabeji. Daga nan sai a komo Maraɗi a kama babbar hanyar da ta haɗa yamma da gabashin Nijar, a wuce Tasawa da Damagaram zuwa Gure, a saki kwalta a nufi Taskar da tsaunin Termit. Zango na ƙarshe yana sake tashi daga Damagaram, ya bi ta Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, tafiyar da ta haura kilomita 400, sannan a shiga tsaunukan Azbin. Wannan sashe na ƙarshe yanki ne na babbar hanyar ƙetare Sahara da aka tsara ta haɗa Aljas da Legas.

Lokacin da ya fi dacewa da irin wannan tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara zafin rana kan haura digiri 45, da damina kuma ƙoramu da fadamu kan datse hanyoyin da ba su da kwalta. Ana amfani da mota mai jan ƙafa huɗu, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat, kuma ƙa'idar masu shiga rairayi ita ce kada mota ɗaya ta tafi ita kaɗai, domin idan ta lalace babu mai kawo ɗauki. Ana ɗaukar mai da ruwa a jarkoki, ana rage iskar taya idan an shiga yashi mai laushi don kada ta nutse, ana kuma tafiya da ɗan jagora daga mutanen yankin wanda ya san rijiyoyi. Shiga gandu yana buƙatar izinin hukumar kula da gandun daji, a wurare da dama kuma yanayin tsaro yana sa a nemi rakiyar jami'ai. Namun dajin hamada ba sa fitowa da tsakar rana, don haka mai son ganinsu sai ya yi sammako ko ya jira la'asar sakaliya.

Abin da ya fi jan hankali a hanyar shi ne yadda ruwan sama yake raguwa a hankali, ƙasa kuma tana nuna hakan a jikinta. A Kano ruwan shekara kan haura milimita 700, a Damagaram yana kusa da 400, a Agadas bai cika wuce 150 ba, a Bilma kuwa bai kai 20 ba. Ɗorawa da kuka su ne suke fara ɓacewa, gawo da kalgo su biyo baya, sai a shiga ƙasar aduwa da ƙandili da anza da karangiya. A shekarar 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. A yau gonakin gero sun tsallake wannan layi a wurare da yawa, kuma wannan shi ne matsi na farko da namun daji suka fuskanta daga kudu.

3.0 Yadda Dabbar Hamada Take Rayuwa

Kafin a shiga gandayen, ya kamata a fahimci dabarar rayuwar dabbobin, domin a cikinta ne ƙarfinsu da rauninsu suke. Misali mafi bayyana shi ne adaks, wata farar dabba mai girman ɗan maraƙi da murɗaɗɗun ƙahoni, wadda ta fi kowace irin barewa shiga ƙuryar rairayi. Takan yi watanni ba ta sha ruwa ba, domin tana samun abin da jikinta ke bukata daga ciyayi da gunar daji da raɓar da ke sauka a kansu da dare. Tana kiwo da dare da sanyin safiya, ta kwanta a inuwa da rana. Gashinta yana yin fari da bazara don mayar da zafin rana, ya yi duhu da ɗari. Kofatonta masu faɗi ne, suna hana ta nutsewa a yashi. Tana kuma yin doguwar tafiya zuwa duk inda hadari ya zubar da ruwa ciyawa ta tsiro.

Sauran dabbobin suna da dabaru makamantan waɗannan. Mariri, mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, yakan yi ƙaura arewa da damina ya komo kudu da rani a gefen hamada. Mena, wadda ita ce mafi girma a cikin bareyi, tana da dogon wuya da ke ba ta damar cin ganyen ƙandili. Ragon dutse yana fakewa a tsaunuka inda mafarauci ba ya iya binsa cikin sauƙi. Yanyawa da ƙananan dabbobi suna wuni a rami.

Abin lura a nan shi ne duk waɗannan dabaru an gina su ne kan abu ɗaya, wato iya zama inda mutum da dabbobinsa ba za su iya daɗewa ba. Mafaraucin da ke kan raƙumi ko doki yana da iyaka, ita ce yawan ruwan da ke cikin salkarsa. Ayari kan yi tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a wuni, kuma dole ya bi layin rijiyoyi. Duk ƙasar da ke nesa da wannan layi ta zama mafaka ba tare da wani sarki ya yi doka ba. Mota kuwa tana cin tafiyar wunin ayari cikin sa'a guda a kan shimfiɗaɗɗen fili, tana ɗauke da ruwan kwanaki. Adaks ba ta da gudu mai ɗorewa, idan aka bi ta da mota na ɗan lokaci cikin zafi sai ta faɗi don gajiya, ko da ba a harbe ta ba. Da aka haɗa mota da bindigar zamani, da rijiyoyin burtsatse da suka kai garkunan dabbobi inda da ba sa zuwa, da kuma farin shekarun 1970 da na 1984, sai garkunan da aka saba gani suka ƙare cikin ƙarni guda.

4.0 Zango na Farko: Gadabeji

Gandun Gadabeji yana arewa da Dakwaro a jihar Maraɗi, a kan iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo. An kafa shi a shekarar 1955, zamanin mulkin Faransa, kuma faɗinsa hekta 76,000 ne. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikin gandayen uku, kuma shi ne mafi kusa da ƙasar Hausa. Matafiyi zai tarar da tuddan yashi da ciyawa ta lulluɓe, da kwaruruka masu aduwa da ƙandili, da rugagen Fulani da Buzaye a kewaye. An kafa gandun ne domin kare mariri da manyan bareyi, amma dokar ba ta hana su ƙarewa ba. Mariri da mena da raƙumin dawa da jimina duk sun ɓace daga wurin a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, aka bar ƙananan bareyi da dila da tsuntsaye. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya Gadabeji a jerin wuraren da ake haɗa kare halittu da rayuwar mutanen da ke zaune a cikinsu.

Abin da ya sa sunan Gadabeji ya fito a 'yan shekarun nan shi ne komowar raƙumin dawa. Irin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a da ya bazu daga Senegal zuwa tafkin Cadi, ya ragu har ya zama guda 49 kacal a shekarar 1996, dukansu a yankin Kure da ke kudu maso gabas da Yamai. Da aka tsananta kariya, aka kuma jawo manoman yankin cikin aikin, sai adadin ya haura 600 kafin shekarar 2018. Sai dai tara iri guda a wuri guda haɗari ne, domin annoba ɗaya ko rikici ɗaya na iya shafe shi. Don haka a watan Nuwamba na 2018 aka kama guda takwas, aka ajiye su a shinge na 'yan makonni har suka natsu, sannan aka ɗauke su a babbar mota tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa Gadabeji. A 2022 aka ƙara kai wasu huɗu.

Darasin Gadabeji shi ne ana iya mayar da abin da ya ɓace, amma da tsada da wahala, kuma sai in akwai ragowar iri a wani wuri. Akwai kuma abin lura, motar da ta taimaka wajen ƙarar da dabbobin ita ce ta dawo da su. Ɗorewar aikin ta rataya ne a kan makiyayan da ke kewaye, waɗanda suke buƙatar ciyawar gandun da rani. Idan suka ga gandun abokin gaba ne, babu yawan ma'aikatan da zai iya tsare shi.

5.0 Zango na Biyu: Termit da Tin Tumma

Daga Gure zuwa arewa kwalta takan ƙare, hanya ta zama sawun tayoyi a kan yashi. A yankin Gure, a garin Kelle, akwai wurin da ake kiwon jiminar Arewacin Afirka, mai jan wuya, da nufin sake sakinta a daji. Kasancewar sai an yi kiwon jimina a shinge a ƙasar da a da take fitar da gashinta zuwa Tarabulus ya isa ya nuna girman asarar. Bayan Taskar ƙasa takan buɗe, sai a hango tsaunin Termit, baƙaƙen duwatsu da suka miƙe daga kudu zuwa arewa a tsakiyar farin yashi. Gabas da shi ne rairayin Tin Tumma yake. Tubawa da Larabawa da Buzaye da Fulani ne suke kiwo a wannan yanki.

An kafa gandun Termit da Tin Tumma a watan Maris na 2012 da faɗin murabba'in kilomita 97,000, wanda ya sa ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka. Dalilin kafa shi shi ne a nan ne garken adaks na ƙarshe mai rayuwa a daji ya rage, tare da mena, da ragon dutse, da siyaki, da tuje, da kuma cita, dabbar nan mai kama da damisa mai tsananin gudu. Nisan wurin da rashin rijiyoyi ne suka adana su har zuwa ƙarni na 21.

Amma a daidai lokacin da ake shirin kafa gandun ne aikin haƙar man fetur na Agadem ya kankama a gabashinsa. A 2011 aka buɗe matatar mai a arewa da Damagaram, wadda matafiyi zai gani a kan hanyar Tanut, aka kuma shimfiɗa bututu mai tsawon fiye da kilomita 400 daga rijiyoyin zuwa matatar. Aikin ya kawo hanyoyi da sansanoni da manyan motoci da masu ɗauke da makamai cikin ƙasar da a da babu kowa. A shekarar 2010 an ƙiyasta adaks ɗin yankin sun kai 200. A watan Maris na 2016 aka yi ƙidaya ta sama da ta ƙasa, jirgi bai ga ko ɗaya ba, masu binciken ƙasa kuma suka ga guda uku. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta danganta wannan faɗuwa da hayaniyar aikin mai da kuma farautar da masu rakiyar aikin ke yi. Ganin uku ba ya nufin uku kaɗai suka rage, domin dabbar da aka firgita takan watse zuwa wurare masu nisa, amma ya nuna garken ya tarwatse.

A shekarar 2019 gwamnati ta sauya iyakokin gandun, ta fitar da kusan rabinsa na gabas inda rijiyoyin mai suke, wanda kuma shi ne mazaunin adaks, ta ƙara wani yanki a yamma. Bayan ƙorafin masu kare muhalli aka sake gyara iyakokin a 2021. Wannan al'amari ya fito da tambaya mai wuya wadda ba a amsa ta da la'antar ɓangare ɗaya. Nijar tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, kuma kuɗin mai abin bukata ne gare ta. Sai dai rijiyar mai tana da shekarun da za ta ƙafe, irin dabbar da ya ƙare kuwa ba ya dawowa. Abin da Termit ya nuna shi ne layin da aka ja a taswira ana iya goge shi da alƙalamin da ya ja shi, sabanin ƙishirwa wadda ba ta karɓar umarni.

6.0 Zango na Uku: Azbin da Tenere

Hanyar Damagaram zuwa Agadas ita ce tsohuwar hanyar ayari ta Damargu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa Azbin a 1850, ya ziyarci Agadas, sannan ya biyo ayarin gishiri kudu har ya iso Kano a farkon 1851. A yau matafiyi yana shiga Agadas ya tarar da hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka gina da ƙasa, kuma tsohon birnin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit da aka shimfiɗa domin jigilar yuraniyom, akwai dutsen Dabus, inda mutanen da suka sassaƙa siffar raƙuman dawa biyu shekaru dubbai da suka wuce. Babban cikinsu ya haura mita biyar. A Gobero kuma, can cikin Tenere, masu bincike sun gano maƙabartar mutanen da suka rayu a bakin tafki suna kamun kifi. Waɗannan shaidu suna tabbatar da cewa Sahara ta taɓa zama ƙasa mai ruwa da ciyawa, kuma dabbobin da ke cikinta yanzu su ne suka iya jure bushewarta.

An kafa gandun Azbin da Tenere a shekarar 1988 da faɗin murabba'in kilomita 77,360. Ya haɗa gabashin tsaunukan Azbin da yammacin rairayin Tenere, kuma an keɓe kusan kashi ɗaya cikin shida na tsakiyarsa domin adaks kaɗai, inda aka hana shiga sai da izini na musamman. Tsaunukan suna tare ɗan ruwan sama, ƙoramu su kai shi kwaruruka, shi ya sa ake samun lambuna a Iferwan da Timiya, da tafkunan dutse da ba sa ƙafewa, da birai da ragon dutse a tsakiyar hamada. Tsarin gandun ya amince da zaman Buzaye makiyaya da masu lambu a cikinsa tun daga farko, abin da ya bambanta shi da gandayen zamanin mulkin mallaka.

A 1991 UNESCO ta sanya shi a jerin wuraren gado na duniya, amma shekara guda bayan haka, a 1992, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Dalili shi ne tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar daga 1990 zuwa 1995, wanda ya kori ma'aikatan gandun ya cika dajin da motoci da bindigogi. A wannan lokaci ne jiminar Azbin ta kusa ƙarewa ƙarƙaf. Wani tawayen ya biyo baya daga 2007 zuwa 2009, sannan daga 2014 neman zinariya a Jado da arewacin Azbin ya jawo dubban mutane da motocinsu ta cikin yankin. A yau keɓaɓɓen wurin adaks yana nan a taswira, amma an daɗe ba a tabbatar da garke a cikinsa ba. 'Yar ragowar mena tana fakewa a tsaunin Takolokuzet.

Labarin bishiyar Tenere ya taƙaita al'amarin. Itaciya ce guda ɗaya ta dangin ƙandili da ta tsaya a kan hanyar ayarin Bilma, babu wata a kusa da ita tafiya mai nisa. Da aka haƙa rijiya a gefenta an tarar saiwoyinta sun kai ruwa a zurfin fiye da mita 30. Madugai sun yi ƙarnoni suna wucewa ba su sare ta don itacen wuta ba, ba su bar raƙuma sun cinye ta ba. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kuma kafa ta ƙarfe a gurbinta.

7.0 Abin da Maƙwabta Suka Gwada

Domin kada a ɗauka asara ce kaɗai ake lissafawa, yana da kyau a dubi Cadi. A shekarar 2000 IUCN ta ayyana cewa mariri ya ƙare a daji, sai waɗanda ke gidajen adana dabbobi da gonakin masu hali a ƙasashen waje. A 2016 gwamnatin Cadi, da haɗin guiwar hukumar muhalli ta Abu Dabi da ƙungiyar kare halittun Sahara, ta fara sakin mariri a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, wanda aka kafa tun 1969. An kawo kashi na farko ta jirgin sama, aka saka musu na'urar bin sawu a wuya, aka kuma ɗauki makiyayan yankin aikin sa ido. Dabbobin sun hayayyafa har a watan Disamba na 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. A 2020 an saki adaks a wannan gandu. Abubuwan da suka sa aikin ya yi nasara su ne fili mai faɗi, da kuɗi mai ɗorewa, da yardar makiyaya, da ɗan zaman lafiya. Duk inda ɗaya daga cikin huɗun ya ɓace, sakamakon yakan zama irin na Azbin.

8.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Nazarin Hausa

Waɗannan dabbobi suna da gurbi a harshe da al'ada. Tarihin Kano yana danganta figini da takalmin gashin jimina da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma har yau suna cikin kayan sarautar Kano. Ana ɗora ƙwan jimina a ƙololuwar ɗaki da masallaci. Garkuwar fatar mariri ta yi suna a wurin mayaƙan Azbin da maƙwabtansu. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar Mena ake kiranta, Kwalejin Barewa ta Zariya kuma daga dabba ta samo sunanta. Kowa ya san karin maganar da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Matsalar ita ce kalma takan rayu bayan abin da take nufi ya tafi, amma ma'anarta takan dusashe. Matashin da ya tashi a Kano ko Maraɗi a yau zai iya furta mariri ba tare da ya iya bambanta shi da gada ko barewa ba. Kalmomin da suka fi shiga haɗari su ne ƙananan, wato sunayen da mafarauta ke ba namiji da mace da ɗa, da kalmomin bin sawu, da sunayen ciyayin da dabbobin ke ci, da kirarin da ake yi musu. Waɗannan suna cikin kawunan tsofaffin mafarauta da madugai da makiyaya na Damargu da Dakwaro da Gure da Agadas, mutanen da suka ga garkunan da idonsu kafin farin 1973. Yawancinsu sun haura shekara saba'in. Masanin dabbobi yana iya adana iri a shinge, amma tattara wannan ilimi na baka aiki ne na masanin harshe da adabi, kuma yana da amfani ga masu kare dabbobin, domin sunayen wurare da labaran farauta suna nuna inda kowace dabba ta taɓa zama.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi hanya daga Kano zuwa Tenere, ta tsaya a gandaye uku. Gadabeji ya nuna ana iya dawo da dabbar da ta ɓace idan akwai ragowar iri da yardar maƙwabta. Termit da Tin Tumma ya nuna raunin doka a gaban arziƙin ƙarƙashin ƙasa. Azbin da Tenere ya nuna cewa gandu ba ya aiki inda babu zaman lafiya. A duka ukun, abin da ya canza shi ne nisa ya daina kare komai tun da mota ta shiga rairayi, nauyin kuma ya koma kan mutane da hukumominsu. Matafiyin da ya yi wannan doguwar tafiya zai iya kwana ashirin bai ga adaks ko mena ba, kuma wannan rashin gani shi kansa bayani ne. Ana ba da shawarar sassan nazarin Hausa na jami'o'in Nijeriya da Nijar su haɗa kai da ma'aikatan gandayen wajen tattara sunaye da kirari da labaran namun dajin hamada daga bakin dattawan yankunan, tun suna raye.